'Yan Masaƙa Suna Wasa Ranar Asabar

Yayana mai gyaran agogo ne, kuma ya yi shekara goma sha biyar bai bar gida ranar Asabar da yamma ba. Bikin 'yarsa ma sai da aka mayar da shi Lahadi. Ni ce auta, ni ce kuma mai baki a gidan, don haka na faɗa masa duk abin da ya zo bakina a kan wannan ɗabi'a. Sai ya ɗago kai daga teburinsa, ɗan madubin nan maƙale a idonsa na dama, ya ce, "Auta, 'Yan Masaƙa suna da wasa."

Shagonsa a gaban gidanmu yake, bai fi ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango ba. Agogon bango sun fi talatin, kowanne da nasa lokacin. A kan teburin akwai hantsaki, da 'yan sukudireba sirara kamar allura, da murafun kwalba cike da ƙananan kusoshi waɗanda in ka yi atishawa sun tafi ke nan. Mutum ne mai sanyi, ba ya ciniki da ƙarfi, ba ya musu da kowa. In an kawo masa agogon da ya mutu murus, ba ya iya cewa ya mutu. Sai ya ce a bar shi ya kwana biyu a gani. Wannan hali nasa shi ya jawo mana duk abin da zan ba ku labari.

'Yan Masaƙa ƙungiyar ƙwallo ce ta garin da aka haifi Baba. Ma'aikatan masaƙar garin suka kafa ta. Kakanmu shi ke zana layin filin da farar ƙasa, da bokiti da tsumma, kowace safiyar Asabar. Baba ya tashi yana riƙe masa igiya. Aiki ya kawo shi wannan birni tun yana saurayi, a nan ya yi aure, a nan ya haife mu. Ni sau ɗaya tak na je garin, ina goye. Yaya sau biyu. Amma ka shigo gidanmu ka yabi ƙungiyar birnin nan, wadda filinta ke bayan layinmu har muna jin ihunsu, ka ga yadda Baba zai ɗaure fuska. Cewa yake yi, "Nan mun zo ci ne. Can aka binne ubana." Maganar ta ƙare ke nan.

Da Baba ya tsufa idonsa ya tafi, kunnensa ma ya yi nauyi. Tashar rediyon garinsu da ƙyar ake kamo ta a nan, sai an zare eriya duka an karkata wajen taga. Sai Yaya ya riƙa rufe shago ƙarfe huɗu saura, ya shiga ɗakin Baba, ya zauna a kujerar roba kusa da gadon ƙarfe, ya manna rediyo a kunnensa, yana maimaita wa Baba da ƙarfi abin da ya ji. Daga baya ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta gagara. Abin da ya rage masa shi ne sandarsa. In 'Yan Masaƙa suka zura ƙwallo, sai ya ɗaga ta da hannunsa mai lafiya ya buga ƙarfen gadon. Ƙwam. Ƙwallo ɗaya, bugu ɗaya.

Shekara huɗu ana haka, sai aka rufe masaƙar. Ƙungiyar ta watse a wata ɗaya, filin kuma aka yanka shi filoti filoti. Yaya ya ji a rediyo ranar Laraba. Ranar Asabar ya shiga ɗakin da niyyar faɗa, ya tarar Baba ya sa an zaunar da shi, an sa masa hula, sanda a kan cinya. Mutumin da ba ya iya cewa agogo ya mutu, ina zai iya wannan? Ya kunna rediyo, ya murɗa inda babu komai sai shuuu, ya manna a kunne, ya ce, "Baba, an take wasa."

Shekara shida yana shirya wa tsoho ƙarya, kuma wallahi ya iya. Yakan bari a ci su jefi-jefi don kada abin ya yi yawa. Yakan zagi alƙalin wasa. Ko hutun ƙarshen kakar wasa bai ba su ba, saboda Baba kan ƙi cin abinci in babu wasa, sai Yaya ya ƙirƙiro wasan sada zumunci. Dogo mai tsaron gida, wanda a lissafina ya ba hamsin baya, yana nan yana tashi sama kamar ɗan shekara ashirin. Ni haushi abin yake ba ni. Na ce masa, "Yaya, kana mayar da mahaifinmu yaro." Ya ce, "To shiga ki faɗa masa." Ban shiga ba.

Baba ya rasu ranar wata Talata da hantsi. Muka yi kuka, baƙi suka zo suka tafi. Aka naɗe katifar, aka bar gadon ƙarfe tsirara. Sandar kuwa ni na ɗauke ta na kai gidana, na rataye a bayan ƙofa, tana nan har yau.

Asabar ta biyu bayan rasuwar, matar Yaya tana shara a tsakar gida, Yaya yana shago bai rufe ba. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna suka ji ƙwam daga ɗakin. Ta ce ɓera ne. Suka sake ji, a jere, ƙwam ƙwam ƙwam, irin bugun da Baba ke yi in Yaya ya makara. Yaya ya ajiye agogon mutane a buɗe, ya ɗauki rediyo ya shiga. Yana cewa an take wasa, bugun ya tsaya.

Ban yarda ba, sai da na zo da kaina. Da sauran rana sosai, haske har cikin ɗakin, yara suna wasa a layi, mai gyaran takalmi yana wucewa yana kaɗa akwatinsa. Na tsaya a bakin ƙofa na harɗe hannu. Yaya yana ta bayani, ɗan wasan gabansu Mai Hagu ya yanke mutum biyu, ya shiga, ya ɗaga kai. Ƙwam. Na ga ƙarfen gadon yana rawa kaɗan, babu kowa a kai. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne, bugun ya riga bakin Yaya. Sai bayan an buga sannan ya ce, "Ta shiga!" Da muka fito na tambaye shi, ya ce tun ranar farko haka ne. Ya ce, "Ni yanzu ban san wa ke ba wa labari ba, Auta. Wani lokaci na shirya a ci mu, sai in ji ya buga."

Na ce a sayar da gadon. Ya ce a'a. Na ce a rufe ɗakin da kwaɗo. Ya ce an gwada, bugun har shago, har maƙwabta suka aiko tambaya ko kafinta muka ɗauka. Haka muka yi shekara biyar. Matarsa ta saba, har takan leƙo daga kicin ta ce nawa da nawa.

Sai idon Yaya ya fara tafiya, ta hanyar da na Baba ya bi. Ya fara lalube a kan tebur, yana zubar da kusoshi, yana mayar wa mutane agogo da allura a karkace. Likita ya ce aiki za a yi, kuma mai yin aikin baƙo ne, sau ɗaya yake zuwa a wata uku, ranar Asabar, a kwantar da mutum tun safe har washegari. Sau biyu ana rubuta sunan Yaya yana ƙin zuwa. A na ukun likita ya gaya mini a gabansa cewa in aka sake jinkiri ba zai yi alkawarin komai ba. Mai gyaran agogo ba ido, me ya rage?

A bakin asibitin na tsayar da shi. Na ce, "Yaya, za ka makance saboda ƙwallon da ba a buga ba?"

Ya ce, "Wa zai zauna da shi?"

"Ni."

"Ke da ba ki san bambancin bugun kwana da fenariti ba?"

"Ka dai je a gyara maka ido."

Ya ce, "Kar ki bari a ci su da yawa. Ba ya so."

Na ce to. Amma a raina na riga na yanke abin da zan yi. Zan shiga in faɗi gaskiyar da ya kasa faɗa shekara goma sha ɗaya, kowa ya huta.

Ranar ta zo. Matarsa ta tafi da shi asibiti tun da sassafe, gidan ya rage ni kaɗai. Ƙarfe huɗu saura na shiga ɗakin. Ƙanshin man zafin da muke shafa wa Baba yana nan a bango. Na zauna a kujerar roba, rediyo a cinyata, ban kunna ba. Daga shago ina jin agogon nan talatin suna ta tafiya. Huɗu ta yi, ta gota. Ƙwam ƙwam ƙwam.

Tsoro ya kama ni, amma bakina bai mutu ba. Na ce, "Baba, ni ce Auta. Yaya yana asibiti, idonsa ake gyarawa. Baba, babu wasa. An rufe masaƙa tun kana da rai. Dogo ya tsufa, ban ma sani ba ko yana duniya. Filin da Kaka yake zanawa an gina gidaje a kai. Duk abin da Yaya ya faɗa maka, shi ya shirya, don yana tausayinka."

Bugun bai sake zuwa ba. Na jira minti biyar, na jira goma. Ƙarfen gadon ya tsaya cak. Sai na lura ƙanshin man nan ma babu shi, ɗakin warin ƙura kawai yake yi, kamar kowane ɗaki da aka daɗe ba a kwana a ciki ba. Na yi abin da na zo yi, ya kamata in tashi in buɗe taga in yi hamdala.

Na kasa tashi. Ranar da aka fita da Baba na yi kuka, amma ashe ban san ya tafi ba. Duk shekarun nan ina zagin Yaya, ina kuma kwana da sanin cewa ranar Asabar mahaifina yana ɗakinsa. Yanzu na kore shi da bakina, na kuma rushe masa garin da ya rage masa. Ban taɓa jin maraici irin na wannan yammacin ba, ga ni da jikoki.

Na zare eriyar, na karkata ta wajen taga, na murɗa har na sami shuuu ɗin. Na manna a kunne.

Na ce, "Baba, wasa nake maka. Ka san halina. An take, ga su nan sun fito."

Shiru. Na ci gaba. Na ce layin filin fari tas, yau an zana shi da kyau. Na ce Dogo ya kama wata. Na ce Mai Hagu ya karɓa a gefe, ya yanke ɗaya, ya yanke biyu. Ban san inda nake samo maganar ba. Na kai shi har gaban raga, na tsaya, na ƙi cewa komai, ina kallon ƙarfen.

Ya daɗe. Sannan, a hankali, kamar na mai fushi da bai gama hucewa ba: ƙwam.

An yi wa Yaya aiki lafiya. Da aka kwance masa bandeji ya ga fuskar matarsa, ya ce ashe ta tsufa, ta ce ya mayar da bandejin. Ya koma teburinsa, yana zare kusoshi kamar da. Bai tambaye ni me ya faru ba, sai dai nawa aka tashi. Na ce ɗaya da nema. Ya ce madalla.

Asabar ta gaba ya ɗauki rediyonsa ya shiga, ya yi ta bayani har rabin lokaci, gadon bai motsa ba. Ya fito ya tsaya a kaina a tsakar gida, ya daɗe yana dubana da sabon idonsa. Sannan ya miƙo mini rediyon.

Yanzu Yaya yana zuwa biki ranar Asabar, har filin bayan layi ya taɓa leƙawa. Ni kuwa mijina ya san kada ya neme ni daga ƙarfe uku da rabi. Makon jiya an ci mu biyu da ɗaya, kuma ba ni na shirya hakan ba.