Rahoton da Babu Ni a Ciki

Ma'aikatar da na yi wa aiki a Lyon, mai shirya jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, da wa'adinta aka kafa ta. Doka ta ce in shekarunta sun cika, ko dai majalisa ta sabunta ta ko a rufe ƙofa. Ni kuwa takardar zamana a ƙasar nan a jikin kwantaragin aikin take rataye. In babu aiki babu takarda, sai tattara kaya, da ni da matata da 'yarmu da aka haifa a nan.

Da wa'adin ya matso, shugabarmu ta kira ni ofishinta, har da zuba mini kofi, abin da ba ta taɓa yi ba. Wai ni zan rubuta rahoton da za a kai wa kwamitin majalisa a Paris, tunda Faransancina ya fi na 'yan gida tsabta. Na washe baki kamar wawa.

A rahoton na bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ke shigowa da hantsi ya fice cin abinci kafin kujera ta yi ɗumi, shafi biyu na yi masa. Wadda ba ta da aiki sai ba furannin taga ruwa, na maishe ta ginshiƙin gida. Da na iso kan kujerata sai hannuna ya ƙi. A Damagaram inda na tashi, mutum ya yabi kansa a bainar jama'a, masu saurare ne ke sunkuyar da kai. Na ce ai shugaba ta san ni ne mai gyara takardun jarrabawa, ita za ta faɗa. Na rubuta layi ɗaya: "Yana taimakawa."

Ranar zaman kwamiti muka hau jirgin ƙasa. Aka ajiye ni a baya, riƙe da jakarta. Wani ɗan majalisa na latsa waya, wani na gyangyaɗi. Can wani mai furfura ya ce za a sabunta, amma sai an soke kujera guda don a ga an yi gyara. Ya ɗora yatsa a kan shafi.

"Wannan mai taimakawar, me yake yi?"

Na ƙura wa ƙeyar shugaba ido. Wallahi jira nake ta waiwayo. Ko motsi ba ta yi ba.

"Ko babu shi aiki zai tafi," in ji ta.

Tir! A tasha ma har hannu ta ba ni, wai rahoto ya yi kyau. Na kuma karɓa, har da godiya, wannan ne ke ƙona mini rai har yau.

Ina shiga gida matata ta tare ni a ƙofa: "An sabunta?"

Na ce an sabunta.

Ta yi hamdala, ta ɗauko dutsen guga, wai bari ta goge mini rigar da zan sa in je sabunta takardarmu.