Buai a Bakin Kwantena

Ran da aka tara bindigogi a filin coci, ruwa ake yi tun asuba, yayyafi marar ƙarewa irin na kudancin Bougainville. Masu sa ido na ƙasashen waje sun kawo kwantena mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya nasu, ɗaya na kwamandoji.

Linus Dovoro maƙwabcina ne tun muna yara. Mai gyaran famfo ne, ba shi da hayaniya. Da yaƙi ya zo ya bi 'yan sa-kan gwamnati, yana ƙera musu bindiga da bututun ruwa. Yayarsa Apolonia kuwa, ɗanta ya bi 'yan tawaye, can aka kashe shi. Ba a san bindigar wa ba, amma kowa ya san maƙerin. A wajenmu ƙasa ta mata ce, sai Apolonia ta ce kada ya sake taka gonar uwarsu. Shekaru yana raɓe a gidajen mutane.

Ranar nan kowa ya miƙa bindigarsa, ban da Linus. Wani soja ɗan Fiji, mutumin kirki, ya ce, "Kawo mana, baba, a kulle, magana ta ƙare."

Linus ya ce, "Ɗana, kwantenarku ba ta cin buai."

Sojan bai gane ba, sai na gaya masa: mu sulhu ba ya tabbata sai an tauna goron buai tare, baki ya yi ja. Ya dubi ruwan, ya ce ba sauri suke ba.

Aka aika wa Apolonia. Sai da rana ta karkata ta iso, ganyen ayaba a kanta. Ta daɗe tana kallon Linus.

"Kai, ƙanena, haka ka tsufa? Da wane haƙori za ka tauna?"

"Akwai biyu a baya, yaya."

Ta ɓare buai, ta gutsura, ta miƙa masa sauran. Suka tauna. Bayan nan ta karɓi bindigar da hannunta ta ba sojan.

"Gefen rafi za ka zauna a gonar uwarmu," in ji ta. "Ban ce na manta ba."

Apolonia ta rasu bara. Linus yana nan gefen rafin, yana noman koko, kunnensa ɗaya ba ya ji.