Bu Haedah da Alƙawarin Alhamis

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, daidai da 14 ga Rajab 1446, Allah Ya karɓi ran malamata, Dokta Nurhaedah Mappasere, wadda duk muke kira Bu Haedah (a wurinmu Bu ake ce wa mace babba don girmamawa, namiji kuma Pak), malamar ilimin halayyar ɗan Adam a jami'armu a nan Makassar. Ta faɗi ne a bayan gidanta bayan sallar azahar, tana kwashe shanya saboda hadari ya haɗo. Mijinta, Pak Amrullah, shi da wani maƙwabci suka kai ta asibiti. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. A gida ana cewa ƙarfe uku ta cika, takardar asibiti kuma ta ce uku da minti ashirin na yamma. Ta asibitin na bi. Shekarunta hamsin da takwas. An yi jana'izarta washegari.

Sunana Irmayanti. A hannunta na gama digiri a Nuwamban da ya wuce. Ban taɓa rubuta ta'aziyya ba, kuma ina tsoron in ƙara wani abu ko in rage. Saboda haka zan faɗi abin da na gani, wanda aka gaya min kuma zan ce gaya min aka yi.

Bu, shekara biyu ke nan da kika ɗauke ni aikin bincikenki a kan masu wasannin intanet da lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Tambayoyi muka tsara, muka baza ta waya, a kan barci da kaɗaici da damuwa da yawan wasa. Ba a tambayar sunan kowa. Ni mai fargaba ce, kin sani. Sai in duba lissafi sau uku in dawo in ce miki ina jin akwai kuskure. Ba ki taɓa yi min tsawa ba. Sai dai ki turo min farantin jalangkote, irin samosarmu ta nan, ki ce, "Irma, ki ci tukuna. Lambobin nan ba su da ƙafa."

Da sakamakon farko ya fito, an so ki tsaya gaban iyaye ki ce wasa ne ke lalata musu 'ya'ya. Ina zaune a ɗakin taron kika ce, "Abin da muka gani shi ne yawan wasa da damuwa suna tafiya tare. Ba mu ga wanne ya haifi wanne ba. Wani yaron wasan ne ya hana shi barci, wani kuma rashin barcin ne ya kai shi wasan." Wani uba ya ce to a taƙaice ya ƙwace wayar ko kar ya ƙwace? Kika ce, "Pak, ka fara tambayarsa da wa yake wasan." Mutumin bai ji daɗin amsar ba, amma daga baya na gan shi yana karɓar lambarki.

A ƙarshen tambayoyinmu akwai lambar cibiyar ba da shawara ta jami'a, don duk wanda yake cikin ƙunci ya kira. Wata biyu suka wuce, Pak Rusdi mai kula da cibiyar ya ce babu wanda ya kira ya ce daga bincikenmu yake. Alhali amsoshin wasu suna da nauyi ƙwarai. Hakan ya dame ki. Kika ce yaran nan ba sa ɗaga kira ko na uwarsu, balle su kira baƙo. Sai kika koma wurin kwamitin ɗa'ar bincike kika nemi izinin ƙara layi ɗaya: wanda yake son a yi hira da shi, ya bar sunan da yake wasa da shi.

Nan fa suka fara barin sunayen. Ke kuma kika sa na saka miki wasan a waya, wannan da ake bugawa biyar-biyar. Kika sa wa kanki suna Kaka Masifaffiya, kika zaɓi matsayin mai jinya, wanda yake bin 'yan ƙungiya yana ƙara musu lafiya. Allah Ya gafarta miki, Bu, ba ki iya ba ko kaɗan. Tabarau a kan hanci, yatsa ɗaya, kina tafiya inda ba a tafiya. Na sha jin ana ce miki, "Kaka, ina za ki? Can gidan abokan gaba ne." Ki ce, "Na je gaishe su ne. Ku ba ku da tarbiyya."

Amma ƙa'idojinki ba su taɓa motsi ba. Tun a wasan farko kike gaya wa mutum ko ke wace ce da abin da ya kawo ki. Ba kya tambayar sunansa na gaskiya. Kina gaya masa cewa wannan ba magani ba ne, hanya ce kawai zuwa wurin masu magani. Kuma ba kya yi masa ƙarya, ko wadda ake yi don kwantar da hankali. Kin ce mutumin da yake ɓoye fuskarsa yana magana, da zarar ya kama ka da ƙarya ɗaya ya tafi ke nan.

Yawancinsu sau ɗaya ko sau biyu suka zo. Wasu sun je wurin Pak Rusdi. Ɗaya ne ya zauna, kowace Alhamis bayan la'asar, kusan shekara guda. Zan kira shi Lema Mai Yoyo, ba shi ne sunan wasansa ba. Nakan shiga wasa ɗaya tare da ku don kar a yi ta cin ku, sannan in fita in bar ku. Ban san abin da kuke faɗa ba. Sau ɗaya kawai kika ce min, "Wannan shi nake jin tsoro a kansa. Ya ce daga Alhamis zuwa Alhamis yake lissafin rayuwarsa. Ina so in kai shi ƙofar Pak Rusdi, ya ƙi."

Kin rasu Talata. Ranar Alhamis ina gidanki, ana shirin zaman ta'aziyya na uku, ina jera kujeru a ƙarƙashin rumfa. Bayan la'asar Pak Amrullah ya fito da wayarki a hannu. Ya ce, "'Yata, abin nan naku ne yake ta kuka tun ɗazu. Ni ban san yadda ake lallashinsa ba."

Gayyatar wasa ce daga Lema Mai Yoyo. A ƙarƙashinta ya rubuta, "Kaka an makara. Ko an sake ɓata a daji?"

Babbar 'yarki, Kak Fitri, wato Yaya Fitri, ta leƙo ta karanta. Ta san labarinsa sama-sama. Ta ce, "Irma, ki amsa masa a matsayin Mama. Ki ce ba ta jin daɗi, sai wani satin. In ya ɗan yi ƙarfi a gaya masa." Na ce, "Kak, yaushe ne zai yi ƙarfin?" Ta ce, "Ban sani ba. Amma in kika gaya masa yau ya yi wa kansa wani abu fa? Wa zai ɗauka?"

Ba ta faɗi haka don sauƙaƙa wa kanta ba. Idanunta a kumbure suke, tana tunanin ɗan wani da ba ta taɓa gani ba. Ni ma abin da nake tsoro ke nan. Na kira Pak Rusdi na gaya masa. Ya ce shi ba zai ba ni shawarar ƙarya ba, kuma zai bar wayarsa a kunne. Sai na mayar wa Pak Amrullah wayarki, na zauna a matakalar baya, na shiga da tawa.

Na rubuta, "Irma ce. Ina da labari mara daɗi. Akwai wani kusa da kai?"

Ya ce, "Mamata tana kicin. Me ya faru?"

Na gaya masa. Ranar, da lokacin, da abin da likita ya ce, kamar yadda na rubuta a sama. Ban san wata hanyar faɗa ba.

Bai fita daga wasan ba. Ɗan koren ɗigon da ke jikin sunansa yana nan, ina kallonsa. A cikin gida an fara karatu. Can sai ya rubuta, "Ta sha wahala?" Na ce an gaya min ba ta farfaɗo ba tun da ta faɗi, ni ban gani da idona ba. Ya ce, "Mu buga ɗaya."

Muka buga. An ci mu, ban ma san yadda aka yi ba.

Bayan nan ya ce, "Ta ce in je wurin mutumin nan ranar Litinin. Na ce mata sai na yi tunani." Na ce Pak Rusdi yana nan Litinin, kuma lambarsa a kunne take yanzu, na sake tura masa. Na ce in abin ya yi masa nauyi kafin nan ya gaya wa mamarsa, ko da bai faɗi dalili ba. Ya ce, "Alhamis fa?" Na ce, "Zan zo. Amma ni ba ita ba ce. Ban iya abin da ta iya ba." Ya ce, "Kin fi ta iya wasa dai. Ko da yake wannan ba yabo ba ne."

Na tambaye shi ko zan iya rubuta wannan. Ya ce in rubuta, in canza sunan kawai.

Allah Ya jiƙan ki, Bu Haedah, Ya yafe miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa duk wata Alhamis da kika zauna da tabarau a hanci ta shiga mizaninki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Pak Amrullah, da Kak Fitri da ƙannenta, da jikokinki, da dukkan malamai da ɗaliban sashenmu. Allah Ya ba su haƙuri da dangana. Ina kuma yi wa waɗanda suka san ki da sunan Kaka kaɗai ta'aziyya, in wannan rubutu ya kai gare su.

Kin koya mana cewa ba a rufe rahoto sai an faɗi abin da ba a gano ba. To ga nawa.

Ban san sunansa ba, ko shekarunsa, ko a garin nan yake.

Ban san abin da ya gaya miki a cikin shekarar nan ba, ba kuma zan buɗe wayarki in duba ba.

Ban san ko akwai wasu da ke jiran ki waɗanda ban san da su ba.

Ban san ko ya je ranar Litinin ba. Pak Rusdi ba zai gaya min ba, kuma haka ya dace.

Ban san ko shawarar Kak Fitri ta fi tawa ba.

Yau Laraba, 22 ga wata. Ban san ko zai zo gobe ba. Ni dai in Allah Ya kai mu, da na idar da la'asar zan shiga in jira.