Ranar Da Na Taka Birki A Filin Tsere

Unguwarmu ta Dengfeng, biyar da rabi na asuba

Ina sallame salla Lao Chen ya iso ƙofar gida. A masana'antarsa ake ɗinka mini jallabiyoyi, shekara takwas ke nan. Yana da wata jar mota mai kujera biyu da na daɗe ina haɗiye wa yawu, kuma ya yarda zai sayar mini, amma da sharaɗi: in riƙa shiga filin tsere da ita a ranakun da ake buɗe wa kowa. Yau gwaji, da yamma in ba shi amsa.

Malam Tanimu, Bazazzagen da ke mini lodin kaya, ya biyo mu a motarsa ta ɗaukar kwali. "Alhaji, zuwa zan yi in ga idon Bakano in ya tsorata," in ji shi.

Hanyar Zhaoqing

Mun wuce tolget shida saura kwata. Zaman motar kamar kan tabarma, kwalta na dab da kai. Na dami Chen da tambaya: me ya sa injin yake baya? Ina ake sa kaya?

"Kaya *meyo*," ya ce, wato babu. "Wannan ba ta kasuwa ba ce."

Awa ɗaya da rabi muka yi, har da tsayawa cin taliya a shagon wasu Musulmi, sannan muka jira a buɗe filin.

Filin tsere, ƙarfe tara

A ƙofa aka duba fasfo, aka raba ni da hulata, aka kifa mini hular kwano. Wani ma'aikaci ya yi bayanin tutoci, Chen na fassarawa, ni kuwa hankalina na kan tayoyin wata mota da ba su da zane ko ɗaya. Na dai ji ya ce ko me ka gani kada ka tsaya, na gyaɗa kai.

Zagaye biyu na farko Chen na gefena yana nuna mini inda zan taka birki. Gaskiya na ji daɗin da ban taɓa ji a mota ba, har dariya nake ni kaɗai cikin kwanon. A na uku, wata farar mota da ke gabana ta ƙwace a kwana, ta juya sau biyu, ta faɗa cikin tsakuwa. Ban yi shawara da kowa ba. Na taka birki, na gangara gefe, na kama ƙofa ina salati.

Chen, da ke gefena har yanzu, ya damƙe hannuna. Wata mota ta wuce mu da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Aka ɗaga jar tuta, aka fitar da kowa saboda ni. Mai farar motar ko ƙwarzane bai yi ba, masu ceto sun riga sun isa gare shi.

"Akwai masu wannan aikin," in ji Chen a fusace. "Naka shi ne ka wuce."

Tanimu, wanda ya zo yi mini dariya, shi ya tare mini, yana kiran Chen da Lawban, wato maigida. "Lawban, a wajenmu in ka ga haɗari ka wuce, ai ba ka da fuskar shiga gari."

Chen ya sauko. Ya ce kowa na kuskure, sau uku in na zo ƙafata za ta saba.

Komawa, bayan la'asar

A motar kwali na dawo, ina juya maganar. Dokarsu daidai ce, na kusa hallaka mu, kuma na ji kunya ƙwarai. Na kuma san Chen ya yi gaskiya, ƙafata za ta saba. Abin da ya tsorata ni ke nan. Sau biyu a shekara nake komawa gida, in tuƙa daga Kano zuwa Kaduna, inda mai ceton mutum shi ne direban da ke bayansa.

Shida da minti goma muka iso Dengfeng lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa Tanimu, na kira Chen na yi masa godiya sosai, na ce ya nemi wani mai sayen. Ina son motar har yanzu, amma ba na son ƙafar da za ta koyi wucewa.