Motar Alhaji Bayan Cika-Ciki

Ranar cika-ciki na yanke shawarar. Sabuwar shekarar Musulunci ta kama, na dafa jelar ragon layya da na adana, kowa ya ci ya ƙoshi don kada shekara ta zo mana da yunwa. Ciki dai ya cika, amma raina da saura. Tun da na yi ritaya daga aikin jinya nake zaune, kwanaki suna wuce ni.

Sai idona ya sauka kan motar maigidana, wadda take ajiye tun da ganinsa ya yi rauni.

Na ce, "Alhaji, bana ni zan riƙa kai ka asibiti."

Ya tsaya da loma a hannu. "Ke? Da furfurar taki?"

"Furfurar ce za ta riƙe sitiyari?"

Kafin azumi na koyi tuƙi, ga ni da motar a titin Gidan Zoo, masu Adaidaita Sahu suna ta danna mini hon, ina dariya kamar yarinya, Alhaji a gefe yana ta salati. Da muka dawo unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi na tsaya a ƙofar gida, ya ƙi fita.

Ya ce, "Hajiya, mu ƙara zagayawa mana."