Mai Jinyar Gadon Kusa da Nawa

"Iska ce ta taɓa shi, a nemo malami," in ji wani ɗan dubiya.

"Ba iska ba ce. Tunda aka zuba allurar hana amai a ruwan da ake ƙara masa wuyansa ya karkace."

Mai wannan amsar wata dattijuwa ce siririya, tabaranta ɗaure da zare, tana jinyar mijinta kusa da gadona a wani asibiti a Gyadi-Gyadi. Idanunsa sun kafe sama, harshensa ya leƙo. Ta tura a kira nas, ta tallafe ƙeyarsa, tana cewa ƙasa-ƙasa, "Malam, ni ce. Sarkin raki kawai, yanzu zai sake ka."

Na daɗe ina rubuta wa 'yan wasan rediyo kalaman ƙauna, amma ban taɓa samo irin wannan murya ba. Ina jin tun suna ɗakin haya take sauraren numfashinsa haka. Ni kuwa kujerar gefena fulas ne kawai a kai, har na ji ina kishin marar lafiya.

Ga nas ta gama da shi, ta nufo ni da irin allurar hana aman nan.

Na juya wajen dattijuwar na ce, "Hajiya, don Allah in an yi mini, ki riƙa waiwayo ni ma."