Nonon da Ya Koma Gishiri

Uwar mijina tana da abin alfahari guda, kuma duk unguwarmu a Wurno an ji shi daga bakinta: a gidanta ba a taɓa yin kunika ba, wato mace ta ɗauki ciki ba ta yaye na goye ba. In aka nuna mata wadda abin ya sama, sai ta taɓe baki ta ce, "Laihin tsohuwag gidan na, ba ta da ido."

Ita kam tana da ido. Tun da na dawo daga wankan jego a Rabah, garinmu, ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta, ta ce nan zan zauna har ranar yaye. Mijina manomin albasa ne a fadama, ga kunya kamar budurwa. In yana son ganina sai ya tsaya bakin ƙofa yana tambayar inda aka ajiye igiyar jaki, igiyar kuwa tana rataye a kafaɗarsa.

Yarinyar da na haifa ta fara tafiya ke nan, bayan girbin gero, aka aiko daga Goronyo cewa ƙanwar mijina ta haihu, babu mai yi mata wanka. Inna, haka muke kiranta, ta ɗaure kayanta. Kafin ta hau jaki ta damƙa amanata a hannun wata gwaggon mijina, tsohuwa mai kirki wadda kunnenta ya daɗe da yin nauyi, in ta ci tuwo kuma barci ke ɗauke ta da mazari a hannu. Inna ta yi arba'in a Goronyo, ta ƙara da ziyarar dangi. Mijina ya daina neman igiya.

Ba a jima da dawowarta ba na fara jin warin daddawa tun daga gidan maƙwabta. Nonon da a da yake jiƙa mini zane ya soma ja da baya. Yarinya ta tsotsa, ta tsotsa, ta saki ta dube ni kamar na ɓoye mata sauran. Kan nonon kuma ciwo, in ta kama sai na cije leɓe. Na gane ciki ne ya shiga, na ɓoye abina.

Inna ta lura yarinya ba ta ƙoshi. Ta ce, "Ruwan nonon ga ya ja baya. Bari in gani." Ta shiga dama mini kunun kanwa safe da yamma, cike da ƙwarya, da wani sassaƙe mai ɗaci a ciki. Ni kuwa ko ƙamshinsa na ji sai cikina ya juya. Zubarwa ba dama, don Inna takan bi bayan ɗaki da ido. Sai na ce mata a rumfar bayan rumbu nake jin daɗin sha, can akwai iska. A can mijina yake gyaran irin albasa. Na dire masa ƙwaryar.

Ya ce, "Mi zan yi da kunun masu jego?"

Na ce, "Shanyewa za ka yi. Ni ɗai niy yi aikin?"

Ya leƙa ƙwaryar, ya leƙa hanyar ɗakin uwarsa, ya rufe ido ya kafa kai. Haka muka yi ta yi. Kullum kunun ƙara ɗaci yake, ƙwaryar kuma ƙara girma. Ni ina ramewa, nono yana ƙafewa, mijina yana yin kumatu har abokansa na fadama suka fara tambayarsa asirin.

Yarinyar nan ta yi saurin baki, kuma abin da ta fi so a duniya shi ne ta lallaɓa garke ta lashi kantun gishirin awaki. In an kama ta sai a ce, "Gishiri na, bari!" Nan ta koyi kalmar.

Ranar da asiri ya tonu, suna ake yi a gidan maƙwabcinmu masunci. Tsakar gida cike da mata, tsofaffi sun jeru a inuwar bedi, wato dogonyaro, Inna a tsakiyarsu tana ba wata amarya labarin yadda ake tsare gida. Yarinya ta zo ta ja mini zane. Na juya baya na ba ta. Ta tsotsa sau biyu, ta saki, ta yamutsa fuska ta tofar, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Gishili!"

Duk idanu suka juyo kaina. Na yi sauri na mayar da ita ɗaya gefen. Ta ɗanɗana, ta ture shi da hannu biyu, ta taka har gaban kakarta ta kai ƙara. "Inna, nono gishili!"

Ungozomar unguwa ce ta fara. Dariya ta kama ta har goro ya sarƙe ta, ana bubbuga mata baya. Da ta samu numfashi ta ce, "Tsohuwa mai ido, yaushe kid dawo daga Goronyo?" Wata ta ce a ƙidaya mata da yatsu. Wata ta rangaɗa guɗa. Gwaggon nan mai nauyin kunne tana ta tambaya mi anka ce, mi anka ce, ba wanda ya iya ba ta amsa. Ni dai na ja mayafi na rufe har hanci, ina jin kunnuwana suna zafi.

Inna ba ta ko motsa ba. Ta ɗauki jikarta ta ɗora a cinya, ta ce, "Ɗiyag ga gishirin awaki tal lasa da sahe, shi na ag ga bakinta." Ba wanda ya yarda, ita ma ba ta nemi a yarda ba.

Da muka koma gida na tsuguna ina jiran faɗa. Inna ta aika a kira ɗanta. Ya shigo ya durƙusa, kansa a ƙasa.

Ta ce, "Ya kunun?"

Ya sosa ƙeya.

Ta ce, "Kuna cewa ban san wa ka sha nai ba? Tun ran da nig ga ta toshe hanci ga daddawa nis sani. Maɗacin da nika ƙarawa, naka na. Da ɗiyag ga ba ta yi magana ba, da sai ka sha har damana."

Ni dariya ta ƙwace mini a cikin mayafi. Ta juyo ta harare ni, amma na ga gefen bakinta yana rawa. Daga nan ta ce wasa ya ƙare, yarinya ba za ta ci gaba da shan ciki ba, kada zawo ya kama ta. Gaskiya ko sau ɗaya ba ta yi zawo ba, sai dai ramar da ta fara yi don ba ta ƙoshi. Aka karɓo rubutun yaye wurin malam, aka wanke aka ba ta, ranar Juma'a muka kama hanyar Rabah, ni a kan jaki da ita a baya, mijina yana gaba da sanda.

Mahaifiyata ta tarbe mu a zaure. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi surukinta, ta ce, "Kai ko ka yi ƙiba." Bai tsaya shan ruwa ba, ya ce zai je gaida mutane a bakin gulbi.

'Yar fari ce, ba a son uwa ta nuna damuwa da ita a gaban mutane, ko sunanta ba na faɗa. Don haka da za mu juyo ban ɗauke ta ba. Na bar ta zaune a gaban mahaifina, yana gutsura mata kifi gasasshe yana kiranta matarsa, ita kuwa tana ja masa gemu. Ba ta ko waiwaye ni ba. Sai da muka fita gari, gonaki suka rufe mu, na saki kukana. Mijina ya rage tafiya ya dawo gefen jakin, ya riƙe akalar har ganuwar Wurno.

Da damina ta yi nisa na haifi namiji. Mahaifiyata ta zo suna da yarinyar, wadda ta yi ɓulɓul da furar Rabah da nonon shanu. Ta maƙale a bayan zanen kakarta tana leƙena kamar baƙuwa. Sai da na yi ta lallashi ta matso. Ta daɗe tana duban jaririn, ta sa yatsa ta taɓa masa kunne, sannan ta ɗaga kai ta tambaye ni yaushe masu shi za su zo su ɗauki abinsu.